Kare Teku Ko Korar Masu Teku? Darasi Daga Tsibiran Chagos Da Ƙauyen Andavadoaka



Yau za mu ɗan yi nisa da gida. Mun san wani zai ce, mu da ko bakin teku ba mu da shi, sai kaya sun sauka Kwatano ko Lome kafin su iso mana, me ya haɗa mu da zancen murjani da tsibirai? A yi haƙuri a karanta har ƙarshe. A watan Disamba na 2022, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, kusan dukkan ƙasashen duniya suka amince cewa kafin shekarar 2030 za a keɓe kashi 30 cikin 100 na tudu da kashi 30 cikin 100 na teku, a sa su ƙarƙashin kariya. Nijar tana cikin wannan yarjejeniya. Niyyar mai kyau ce, ba mu musu. Abin tambaya shi ne wa zai shata iyakar, wa zai tsare ta, kuma ina makomar talakan da ke cin abinci a wurin tun kaka da kakanni. A Tekun Indiya an riga an gwada hanyoyi biyu, an kuma ga inda kowace ta kai mutane. Ra'ayinmu shi ne, duk kariyar da aka yi ba da masu wuri ba, ta fara da zalunci, kuma ba ta da hujjar da take ikirari.

Bari mu fara da murjanin kansa. Sunan ba baƙo ba ne gare mu, don iyayenmu mata sun san jan murjani na wuya da na hannu, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum. Wanda muke magana a kai yau ɗan'uwansa ne, mai zama a ruwan ɗumi mara zurfi, kewaye da tsibiran ƙasashen zafi. In ka gan shi sai ka rantse dutse ne ko reshen itace, alhali kuwa dabba ce. Ƙananan halittu ne, da yawansu ba su wuce ƙwayar dawa ba, kowace tana gina wa kanta ɗaki da wani abu mai kama da alli. Wata ta mutu, wata ta ɗora gini a kanta, shekara ɗari, shekara dubu, har abin ya zama tudu mai tsawon kilomitoci a ƙarƙashin ruwa, kamar dai yadda gara ke tada suri.

A cikin jikin waɗannan halittu akwai wasu tsirrai ƴan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, dangin gansakuka. Su ne ke amfani da hasken rana su samar wa murjani mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launi. Idan zafin ruwa ya ɗara wanda aka saba da digiri 1 kacal a lokacin tsananin zafi, ya kuma daɗe makonni a haka, sai murjanin ya kori tsirran nan, ya koma fari fat kamar ƙashi. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. In ruwa ya huce da wuri ya farfaɗo, in zafin ya ja lokaci shi ke nan.

Me ya sa duniya ta damu? Gandun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a nan suke samun mafaka da abinci da wurin haihuwa. Ɗaruruwan miliyoyin mutane da shi suka dogara wajen kifi, kuma shi ne katangar da ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta afka wa ƙauyukan gaɓa. Wani babban rahoto da ya fito a 2021 ya nuna cewa tsakanin 2009 da 2018 duniya ta yi asarar kashi 14 cikin 100 na murjaninta. Sau huɗu ke nan zafi na mayar da murjani fari a tekunan duniya baki ɗaya: 1998, 2010, 2014 zuwa 2017, sai na huɗu da aka tabbatar a watan Afrilun 2024. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi gargaɗi tun 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjanin zai tafi, in ta kai digiri 2 kuwa kusan babu abin da zai rage. Wato dai buƙatar kariya gaskiya ce. Yanzu mu duba yadda aka yi ta.

Chagos tarin ƙananan tsibirai ne sama da 50 a tsakiyar Tekun Indiya. Tun ƙarshen ƙarni na 18 Faransawa suka kawo bayi daga Madagaska da Mozambik su yi masu aikin gonakin kwakwa, daga baya aka ƙaro leburori daga Indiya. Jikokinsu suka zama al'umma guda, da harshensu, da maƙabartunsu, da jiragen kamun kifinsu. A 1965 Ingila ta yanke tsibiran daga jikin Moris, wadda take mulka a lokacin, shekara uku kafin ta ba ta ƴancin kai. Dalili kuwa Amurka na son tsibiri mafi girma, Diego Garcia, ta kafa sansanin soja, kuma tana son sa babu kowa. Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mutanen kaf, su kusan 1,500 zuwa 2,000, aka jibge su a Moris da Seshel, inda da yawa suka ƙare a unguwannin talauci. Har karnukansu aka tara aka kashe da hayaƙi. Ɗaya daga cikin yaran da abin ya rutsa da su, Olivier Bancoult, ya girma ya kai gwamnatin Ingila kotu, ya yi nasara a shekarar 2000 cewa korar ta saɓa wa doka. A 2004 gwamnati ta fito da wata doka ta sake rufe ƙofa, a 2008 kuma kotun ƙoli ta lokacin ta goyi bayanta.

Ana cikin wannan taƙaddama, ranar 1 ga Afrilun 2010, sai ministan harkokin wajen Ingila David Miliband ya sanar da cewa ruwan Chagos ya zama wurin kariya mai faɗin murabba'in kilomita 640,000. Don a gane girmansa, ya ɗan ɗara rabin ƙasar Nijar. An haramta kamun kifin sayarwa a ciki baki ɗaya. Manyan ƙungiyoyin kare muhalli suka yi ta tafi. Amma fa an tsame Diego Garcia da ruwan da ke kewaye da shi daga cikin dokar. Sojan da ke sansanin yana iya jefa ƙugiya ya kama kifi don nishaɗi, shi kuwa wanda aka binne cibiyarsa a tsibirin, ko da za a bar shi ya koma, an riga an toshe masa babbar sana'ar da zai rayu da ita.

A ƙarshen 2010 shafin WikiLeaks ya fallasa wata wasiƙar sirri ta ofishin jakadancin Amurka a Landan, ta shekarar 2009, wadda ta ruwaito wani babban jami'in Ingila yana bayyana cewa kafa wurin kariyar zai kashe fatan mutanen na komawa gida. Don adalci, ya kamata mu faɗa cewa kotun ƙolin Ingila a 2018 ba ta yarda cewa wannan ne ya sa ministan ya yanke shawararsa ba. Sai dai a 2015 wata kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa ta riga ta ce Ingila ta karya dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda ta kafa wurin ba tare da ta yi shawara da Moris yadda ya kamata ba. A watan Fabrairun 2019 Kotun Duniya da ke Hague ta ba da ra'ayin cewa Ingila ta fice daga tsibiran, kuma a watan Mayu na wannan shekara ƙasashe 116 suka goyi bayan haka a zauren Majalisar, 6 kawai suka ƙi. A watan Mayun 2025 Ingila da Moris suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da tsibiran, amma sansanin Diego Garcia zai ci gaba da zama bisa hayar shekara 99. Da yawa daga cikin ƴan Chagos sun koka cewa ko a wannan ma ba a zauna da su ba.

To, masu goyon bayan abin da aka yi suna da tasu hujja, kuma bai dace mu ɓoye ta ba. Masu bincike sun tarar cewa nauyin kifin da ke kan murjanin Chagos ya ninka har na tsofaffin wuraren kariya na yankin, inda aka hana kamun kifi, kusan sau shida. Wurin ya zama kamar ma'auni, inda masana ke ganin yadda gandun murjani yake in hannun ɗan Adam bai yi masa yawa ba. A can ne ma aka yi wani bincike mai ban sha'awa da ya fito a 2018, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Graham na jami'ar Lancaster. Sun kwatanta tsibirai 12, shida masu ɓeraye da jiragen ruwa suka kawo tun da daɗewa, shida marasa ɓera. A inda babu ɓera, yawan tsuntsayen teku ya ninka sama da sau 700, don babu mai shanye masu ƙwai. Kashin tsuntsayen nan yana gangarawa ruwa ya zama taki, sai ga kifin da ke kewaye ya fi saurin girma, nauyinsa gaba ɗaya ya ɗara na ɗaya ɓangaren da kusan rabi. Duk manomin da ya taɓa barin garken Fulani ya kwana a gonarsa bayan girbi ya san wannan lissafi. Ilimi ne mai amfani, mun yaba.

Amma a lura da abu biyu. Na farko, wannan binciken ya nuna cewa abin da ke ɓata tsibiran ɓera ne, ba a nuna cewa ƴan ɗaruruwan masunta da ƙananan kwale-kwale ne za su ƙarar da teku mai faɗin rabin Nijar ba. Na biyu, da zafin 2015 da 2016 ya zo, bai tsaya duba taswira ba. Murjanin Chagos, duk da babu ƙauye ko ɗaya kusa da shi, sama da rabinsa ya mutu a wuraren da aka auna. Hayaƙin da ya ɗumama wannan ruwa daga masana'antu da motocin manyan ƙasashe ya fito, cikinsu har da ƙasashe biyun da suka kori mutanen. An hana talaka kifi da sunan ceton murjani, shi kuwa babban makashin murjanin ya shigo ba wanda ya tare shi.

Yanzu mu yi yamma, zuwa gaɓar kudu maso yammacin Madagaska, inda ƙabilar Vezo ke zaune. Ƙasarsu busasshiya ce, noma ba ya riƙe gida, teku ce gonarsu. Babban abin da ke kawo masu kuɗi wata dabbar ruwa ce mai hannuwa takwas da ke ɓuya a ramukan murjani, wadda suke kira horita. Mata ne suka fi kamunta, suna bin tudun murjani da ɗan mashi idan ruwa ya janye. Da kamfanonin saye suka fara zuwa da motoci da ƙanƙara a farkon shekarun 2000, sai kowa ya duƙufa, kamu ya fara raguwa, waɗanda ake samu kuma ƙanana.

A watan Nuwamban 2004 mutanen ƙauyen Andavadoaka, tare da wata ƙungiyar Ingila mai suna Blue Ventures da masanan cibiyar nazarin teku ta birnin Toliara, suka yanke shawarar rufe wani tudun murjani guda, Nosy Fasy, na tsawon wata bakwai. Dabarar ta dogara ne kan halin dabbar: horita ba ta wuce shekara ɗaya da ƴan watanni a duniya, amma tana da saurin girma ƙwarai, in ka ɗaga mata ƙafa na ɗan lokaci sai ta yi nauyi, kuma da kilo ake saye. Ranar buɗewa an kama manya-manya. Sai dai labari ya bazu, mutanen wasu ƙauyuka da ba su yi haƙurin komai ba suka yi dafifi suka raba ribar. Maimakon a watse, sai aka jawo maƙwabtan su ma su rufe nasu, a riƙa buɗewa rana ɗaya. A 2006 ƙauyuka sama da 20 suka haɗu suka kafa ƙungiyar Velondriake, ma'ana zama tare da teku, mai kula da ruwa sama da murabba'in kilomita 600.

Abin da ya fi burge mu shi ne dokar da suka yi aiki da ita. Ba daga babban birni aka aiko ta ba. Sun ɗauko tsarinsu na gargajiya da ake kira dina, wato yarjejeniyar da gari ke ƙullawa a taro, suka rubuta, suka kai kotu ta amince. Da ita suka hana zuba guba a ruwa don kama kifi, suka hana jan taru mai ƙananan idanu a bakin gaɓa, irin wanda wasu ke haɗawa da gidan sauro yana kwashe har ƴaƴan kifi. Wanda ya karya, a gaban taron gari ake yanke masa tara. Masuntan Kabi ma sun san irin wannan, don a Argungu ana hana su a Matan Fada har sai ranar da aka ba da izini.

Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya bi diddigin rufewa 36 cikin shekara takwas. An ga cewa a watan da ke biye da buɗewa, abin da kowane masunci ke kamawa a rana ya kusa ninkawa biyu, kuɗin da ke shiga ƙauye ma haka, kuma a lokacin rufewar kuɗin shiga bai faɗi sosai ba, tunda yanki kaɗan ake rufewa a bar sauran. Da mutane suka ga riba da idonsu, su da kansu suka yarda a keɓe wasu wuraren murjani da ba za a sake kamun kifi a cikinsu ba har abada. A 2007 ƙauyen ya samu lambar yabo ta Equator daga Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, dabarar kuma ta yaɗu zuwa Tanzaniya, Kenya, Mozambik da tsibirin Rodrigues na ƙasar Moris.

Ba mu ce an gama da matsala a can ba. Talauci na nan, jama'a na ƙaruwa, fari na koro mutanen tudu zuwa gaɓa, ana samun masu satar shiga da dare, kuma yana da wuya mutum ya ci tarar ɗan ƙanwarsa. Dina ba ta da ikon tare manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje, wannan aikin gwamnati ne. Zafin teku ma bai ƙyale su ba. Amma a Andavadoaka mai tsaron ruwan yana kwana a bakin ruwan, kuma ya san in ya lalace ƴaƴansa ne za su kwana da yunwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu a nan wannan darasi ba sabo ba ne. Dattawan Maraɗi da Damagaram suna tune da lokacin da doka ta mayar da itatuwa kamar gawo mallakar gwamnati, ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. In ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Me manomi ya yi? Da ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa fitina. Gonaki suka zama fili fetal. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, sai sassaben zamani ya kankama. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. Ba a kori kowa ba, ba a kafa shinge ba. A gefe guda kuma mun ga gandun Termit da Tin-Toumma, wanda aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, yadda a 2019 aka sake shata iyakarsa don a fitar da yankin haƙar man fetur. Ko a teku ko a hamada, in mai ƙarfi na da buƙata iyaka kan matsa masa, a kan makiyayi da masunci ne kawai take tsayawa ƙyam.

Saboda haka ga abin da muke gani. Yayin da ake rige-rigen cika alƙawarin kashi 30 kafin 2030, hanya mafi sauƙi ga gwamnatoci ita ce su zana manyan wurare a taswira su kai rahoto taro. Ya kamata wakilanmu, da ƴan jarida, da ƙungiyoyin farar hula su riƙa yin tambayoyi kafin a tafa: su wa ke zaune a wurin, an zauna da su tun kafin a yanke shawara, wane haƙƙi aka rubuta masu a takarda, kuma wa aka ɗauke wa dokar? Masu bincike da ke zuwa daga nesa su ma da nasu nauyi. In ka auna kifin mutane ka rubuta littafi ka samu digiri, ka dawo ka faɗa masu abin da ka gano cikin harshensu, ka kuma horar da ƴaƴansu su iya aunawa da kansu. Su kuwa ƙasashen da hayaƙinsu ke dafa teku, kuɗin da suke bayarwa na kafa gandu ba zai wanke su ba muddin ba su rage hayaƙin ba. Zafin da ke mayar da murjani fari a Tekun Indiya, shi ne dai muke sha a watan Afrilu da Mayu a Tawa da Yamai.

Ƴan Chagos da aka kwashe suna yara yanzu tsofaffi ne, da yawa sun rasu ba su sake kwana a tsibirinsu ba. Waɗanda suka rage suna da haƙƙin komawa, kuma in za a ci gaba da kare wannan ruwa, su ya kamata a fara ba aikin tsaronsa, da izinin kama abin da za su ci.

Allah ya sa mu dace. Sai mun ji ra'ayoyinku, musamman ƴan'uwa masunta na Madarunfa da Tabalak da bakin kogin Isa: a wurarenku, wa ke yanke ranar rufe ruwa da ranar buɗe shi?